Yumɓu, Wuta da Gilashi: Me Ya Sa Randar Mai Yara Ba Ta Ƙyalli?

A ƙaramar hukumar Mai Yara da ke gundumar Dakoro a jihar Maraɗi, kamar sauran karkarar ƙasar Hausa, kayan ruwa iri biyu ke zaune a gida ɗaya a yau: jarkar roba da ake ɗebo ruwa da ita daga rijiya ko famfo, da randar ƙasa da ake juye shi a ciki. Jarka ta ƙwace wa tulu aikinsa a hanyar rijiya, don ba ta da nauyi kuma ba ta fashewa. Amma ta kasa ƙwace na randa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ruwan jarka ba ya shayuwa sai dole, na randa kuwa yana kashe ƙishirwa. A ɗakin amarya kuma ga kaya na uku a jere: kwalla da langa da tangaran, suna ɗaukar ido.

Daga nan ne tambayar ke tasowa, musamman a bakin matasa ƴan boko. Me ya hana maginanmu yin tukwane masu santsi da sheƙi irin na Sin ko na Maroko? Rashin sani ne, ko rashin kayan aiki? Amsar tana cikin abubuwa uku: yadda yumɓu yake, abin da wuta ke yi masa, da abin da gilashi ke buƙata kafin ya narke.

Ba kowace ƙasa ce yumɓu ba

Yawancin ƙasar yankin Dakoro jigawa ce, rairayi mai kyau da hatsi da wake amma ba ya riƙe siffa. Ana samun yumɓu a kwari da bakin tabki, inda ruwan damina ke kwanciya ya bar lallausar laka. Asalinsa dutse ne da ruwa ya daɗe yana ci har ya ruɓe. Ƙwayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, sai an jera fiye da 500 kafin su kai tsawon milimita ɗaya, kuma a shimfiɗe suke, ba a dunƙule kamar na yashi ba. Idan ruwa ya shiga tsakaninsu sai su riƙa zamewa a kan juna ba tare da sun rabu ba. Wannan shi ne danƙon da magina ke nema idan suka murza ƙasa tsakanin yatsu.

Danƙo kuma idan ya yi yawa matsala ne. Baƙar lakar fadama mai tsattsagewa da rani tana shan ruwa ta kumbura, in ta bushe ta tsuke sosai, tukunyar da aka gina da zallarta kuwa tun a inuwa take tsagewa. Shi ya sa magina ke yi mata gauraye. Wasu su daka tsingaron tsohuwar tukunya su tankaɗe su zuba, wasu yashi, wasu ƙaiƙayin hatsi ko busasshen kashin jaki. Garin tsingaro ya riga ya sha wuta, ba zai ƙara tsukewa ba, don haka shi ke riƙe jikin tukunya lokacin bushewa. Ƙaiƙayi da kashin jaki kuwa ƙonewa suke yi a wuta su bar ƙananan kafofi. Masana'antun tangaran na zamani ma suna daka gasasshen yumɓu su gauraya, saboda dalili iri ɗaya.

Ginin ma akwai lissafi a cikinsa. Ko a shimfiɗa yumɓu a bayan tsohuwar tukunya da aka kife, ko a daddaɓe curinsa a cikin ɗan rami har ya buɗe ya zama ƙwarya, duka biyun suna matse ƙwayoyin su kwanta a jere, jiki ya fito siriri mai ƙarfi. Kafin ya gama bushewa sai a shafa jar ƙasa, a goge da dutse mai santsi ko da tsarkiyar ƴaƴan kuka. Gugar nan tana kwantar da fatar tukunya har ta yi ɗan sheƙi ba tare da ta toshe ba.

Wannan sani ba na jiya ba ne. A Unjugu da ke ƙasar Dogon ta Mali an tono tsingaron da aka ƙiyasta shekarunsa sun kai wajen 9,400 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana cikin mafi daɗewa a duniya. A tsaunukan Ayar ma an samu tukwane masu kusan shekaru 10,000. Ga mutum-mutumin yumɓu na Nok a kudancin Kaduna, ga na Bura da aka gano a yammacin Nijar a 1975.

Abin da ke faruwa a cikin wuta

Gashin gargajiya a fili ake yinsa. A jera busassun tukwane, a lulluɓe su da kara da ciyawa da busasshen kashin shanu da ƴan itatuwa, a cinna wuta. Zafinta yakan tsaya tsakanin digiri 600 da 900, kuma ba ta daɗewa. A wannan ɗan lokaci tukunya tana bin matakai a jere.

A digiri 100 ragowar danshi yana zama tururi. Ruwa idan ya zama tururi yana buƙatar wuri ninki kusan 1,700, don haka tukunyar da ba ta bushe sosai ba, ko wadda ba ta da kafofin da tururi zai fita, sai a ji ta yi bindiga a tsakiyar wuta. Wannan ne dalilin da ya sa ake fara ɗumama tukwane a rana ko a kan ƙaramar wuta kafin babban gashi.

Tsakanin digiri 450 da 600 ne babban sauyi ke faruwa. Akwai ruwan da ke ɗaure a cikin ƙirar yumɓu kanta, wanda a farin yumɓu ya kai kusan kashi 14 cikin 100 na nauyinsa. Idan wannan ruwa ya fita, an rabu ke nan: abin da ya rage ba zai sake jiƙa ya koma laka ba. Tukunyar da ba ta kai wannan mataki ba ita ce ake cewa ba ta gasu ba, wadda ke narkewa in an zuba mata ruwa. A digiri 573 kuma ƙwayoyin yashin da ke ciki suna ɗan kumbura farat ɗaya, su sake komawa in ana hucewa. Iskar hunturu idan ta bugi tukunya a daidai wannan gaɓa, tsagewa take jawowa.

Launi kuwa aikin ƙarfen da ke cikin ƙasa ne. Inda iska ta wadata, ƙarfen yana yin tsatsa, tukunya ta fito ja. Inda hayaƙi ya turnuƙe ya hana iska shiga, sai wurin ya yi baƙi ko toka-toka. Dabbare-dabbaren da ake gani a jikin tulu shaida ce ta inda wuta ta samu iska da inda ba ta samu ba. Magina a wurare da yawa na Afirka ta Yamma sukan zaro tukunya da zafinta su yayyafa mata makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ko ruwan bagaruwa. Ruwan yana ƙonewa a jikinta, ya ba ta duhun launi, ya rage yawan tsattsafo. Daga nan sai gwaji na ƙarshe, wanda kowace mai sayen tukunya ta sani: a ƙwanƙwasa da yatsa. Gasasshiya lafiyayya tana amo, mai tsaga ko ɗanya kuwa muryarta a dakushe take.

Kafofin nan su ne aikin

A wannan zafi ƙwayoyin yumɓu suna manne wa juna ne kawai, ba su narke sun cike tsakaninsu ba. Jikin randa cike yake da kafofin da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu zuwa waje, busasshiyar iska ta ɗauke shi, kuma kowane ɗigon da ya tashi da zafi yake tafiya. Lissafin a bayyane yake: lita ɗaya ta ruwa tana ɗauke zafin da ya kai kilojul 2,400 kafin ta bi iska. Ke nan a randa mai cin lita 50, rabin lita kacal in ta tashi, ta isa ta sauke zafin sauran da kusan digiri 6, in da duk zafin daga ruwan ya fito. Gwargwadon bushewar iska, gwargwadon sanyin, shi ya sa randa ta fi aiki da bazara fiye da tsakiyar damina.

A kan wannan ne Malam Mohammed Bah Abba, wani malamin makaranta a jihar Jigawa, ya gina dabararsa a shekarun 1990. Ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Tumatir da gauta da alayyafo da kan lalace cikin ƴan kwanaki suka riƙa daɗewa ba tare da lantarki ba. Wannan aiki ya kai shi ga samun lambar yabo ta Rolex a 2000.

Tukunyar girki ma haka. A kan murhun duwatsu uku gindinta yana cikin wuta, bakinta yana shan iska, wani gefen ya fi wani zafi. Jiki mai kafofi da tsakuwar tsingaro yana jure wannan, don tsaga in ta faro sai ta ci karo da kafa ta tsaya. Ɗora farantin tangaran a kan wannan wuta ka ga yadda zai rabe gida biyu. Tandar masa da kaskon suya da kaskon turare duk a kan wannan juriya suke rayuwa.

Sheƙin tangaran gilashi ne

Abin da ke sa tangaran sheƙi ba fenti ba ne. Siririn gilashi ne da aka narkar a jikin yumɓu. Haka farin da ke jikin kwalla da langa, sai dai shi a kan ƙarfe aka narkar da shi, a zafin digiri 800 ko kusa da haka.

Tushen gilashi yashi ne, wato silika. Amma tsantsar yashi ba ya narkewa sai an haura digiri 1,700, zafin da wutar itace ba ta kaiwa. Dole a haɗa shi da abin da zai sauko da shi. Mutanen Masar da Rumawa sun yi amfani da gishirin tabkunan Wadi Natrun, ɗan'uwan kanwar da ake kawo mana daga Manga da bakin tafkin Cadi. Wasu sun yi amfani da tokar itace. Yashi da kanwa kaɗai kuwa gilashinsu ruwa na cinye shi, sai an ƙara sinadarin kalsiyam, irin wanda ke cikin dutsen da ake yin siminti da shi a Malbaza. Kwalbar lemo ta yau kusan kashi 72 cikin 100 silika ce, wajen 14 soda, wajen 10 kalsiyam, kuma a zafin da ya kai digiri 1,500 ake narka ta. Idan narkakken ya huce, ƙwayoyinsa ba sa samun damar jeruwa kamar na gishiri ko na ƙanƙara, suna daskarewa ne a hargitse. Wannan ya sa gilashi ba shi da kafa ko ɗaya da ruwa zai bi.

Shafen tangaran yana buƙatar ƙari na uku, alumina, wadda ake samu daga yumɓu, don kada narkakken ya kwaranye ya taru a gindi. Launi kuma daga ƙarafa yake zuwa: kobalt ya ba da shuɗi, jan ƙarfe ya ba da kore, ƙarfe ya ba da ruwan ƙasa, kuza ta ba da fari. Maginan Basra a Iraƙi ne suka shahara da farin shafen kuza a ƙarni na 9, suna ƙoƙarin kamo tangaran ɗin Sin da ke zuwa musu ta teku.

Akwai kuma sharaɗi mai wuya. Jikin tukunya da shafensa kowanne yana tsukewa in yana hucewa, kuma dole tsukewar ta zo kusan ɗaya. Kamar riga ce a jikin mutum: in ta matse ta yage, in ta yi yawa ta zame. Shafen da ya fi jiki tsukewa yana tsattsagewa, datti ya samu maɓoya. Wanda ya kasa jiki tsukewa kuma ɓamɓarewa yake yi. Ƙari a kan haka, ba a gasa kaya masu shafe a cikin kara da toka, don komai zai manne musu. Sai an gina tanderu mai rufi da zai riƙe zafi na sa'o'i masu yawa.

An san gilashi, an kuma gwada shafe

Duk mai cewa baƙar fata bai san gilashi ba sai da Turawa suka zo, tarihi bai goyi bayansa ba. A Igbo Olokun da ke Ile-Ife, binciken Abidemi Babalola da abokan aikinsa ya fito da dubban duwatsun ado na gilashi da tukwanen narka shi, na tsakanin ƙarni na 11 da na 15. Haɗin gilashin, mai yawan kalsiyam da alumina, ya bambanta da na sauran duniya, alamar a nan aka yi shi. A Bida kuma Masaga sun daɗe suna yin baƙin gilashin da suke kira bikini, suna ƙera awarwaro da tsakiya, daga baya suka koma narka kwalabe. Masanin nan Siegfried Nadel ya bayyana sana'arsu a littafinsa kan Nufawa da ya fito a 1942. Abin lura shi ne, gilashin nan ado aka yi da shi, ba a shafa shi a randa ba.

Gwajin shafe kuwa an yi shi a tsohuwar Abuja, Suleja ta yau. A farkon shekarun 1950 Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a can, saboda wurin yana da itace da ruwa da yumɓu. Ya gina tanderu mai haura digiri 1,200, ya haɗa shafe da toka da garin dutse na gida. A 1954 Ladi Kwali, Bagwariya ƙwararriya a ginin hannu, ta shiga cibiyar. Ta ci gaba da gina manyan tukwanen ruwa da zanen ƙadangare da kada da kifi, aka riƙa yi musu shafe ana gasawa a tanderu. An baje kolinsu a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20. Sai dai tukwanen sun yi nauyi, sun toshe, sun daina sanyaya ruwa. Sun zama kayan kallo masu daraja, sun bar aikin da aka san randa da shi.

To, idan a Suleja mai dazuzzuka sai da aka tara itace mai yawa kafin a kai wannan zafi, ina ga Mai Yara, inda ruwan sama bai cika kai milimita 500 a shekara ba, inda karan hatsi abincin dabba ne kuma kayan darni, inda manoman jihar Maraɗi suka shafe shekaru tun daga 1980 da wani abu suna renon kututture a gonaki don itatuwa su dawo?

Kyan ɗan maciji

Akwai gajeriyar hanya, kuma ita ce mai haɗari. Dalma tana narkar da shafe a ƙaramin zafi, ta ba shi sheƙi mai kyau. Da ita aka daɗe ana yin tukwane masu ƙyalli a Maroko da Meziko da Turai, a wasu ƙasashen har daga tsofaffin baturan mota ake ciro ta. Abinci mai tsami yana jawo ta daga jikin kwano, kuma cimarmu cike take da tsami: kunun tsamiya, zoɓo, yakuwa, nono, miyar tumatir. Dalma tana taruwa a jiki, tana daƙushe ƙwaƙwalwar yaro, tana cutar da mai ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta da za a kira marar illa. Mun ga aikinta a Zamfara a 2010, inda ƙurar duwatsun zinariya masu dalma ta kashe yara aƙalla 400. Tukunyar ƙasa marar shafe ba ta ɗauke da wannan haɗari, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Ina ya kamata a sa ƙarfi?

Wannan ba ya nufin sana'ar ba ta buƙatar gyara. Randa mai buɗaɗɗen baki da kowa ke tsoma moɗa a ciki tana iya gurɓata ruwa mai tsabta. Murfi mai kyau da ɗan famfo a gindi suna maganin wannan. Gashin fili yana cin makamashi, yana fasa kaya. Ƙaramin tanderu na tubalin ƙasa yana riƙe zafi ya rage asara. Akwai kuma matatar ruwa ta yumɓu, wadda Fernando Mazariegos ya ƙirƙiro a Gwatemala a 1981: a gauraya yumɓu da garin katako ko ƙaiƙayin shinkafa, a gasa a kusan digiri 900, a shafa ruwan azurfa, ruwa ya riƙa ɗiga a hankali yana barin datti da yawancin ƙwayoyin cuta a baya. Wannan ilimin kafofi ne, wanda maginanmu suka riga suka iya.

Shafen gilashi yana da muhallinsa: kwanon abinci, kofi, tulun mai ko na zuma, tayil, duk abin da ake so kada ya sha ruwa. Kayan haɗinsa ma ba su yi nisa ba, ga farin yumɓu a Ƙanƙara ta jihar Katsina, ga toka, ga fasassun kwalabe da za a iya niƙawa a haɗa da yumɓu ba tare da dalma ba. Amma aiki ne na awo da gwaji, wanda ya dace da wurare irin Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da sashen fasahar yumɓu da gilashi na Zariya, tare da magina irin na Mirya da suka gaji sana'ar. Duk ƙungiyar da za ta kawo wa mata horon shafe, a fara tambayar ta abin da ke cikin garin da ta zo da shi.

Rashin ƙyallin randa ba ci baya ba ne. Zaɓi ne da ya dace da zafin ƙasar, da ƙarancin itacenta, da aikin da ake so randa ta yi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kira a nan ga hukumomin Mai Yara da Dakoro da masu tallafa wa sana'o'in hannu shi ne su sa kuɗinsu a tanderu, da matatar ruwa, da tukunyar adana kayan miya. Mai saye kuma, in ya ga kwanon ƙasa mai sheƙi wanda bai san inda aka yi shi ba, kada ya zuba wa yaro kunun tsamiya a ciki.